Tsohuwar Kwamfuta da Zancen 4K: Nasiha ga Matasan Kurmi

Ƙannena maza da mata da kuka tashi a Kasuwar Kurmi da unguwannin da ke kewaye da ita, akwai zancen da ya yi yawa a bakinku a 'yan shekarun nan, shi ne zancen 4K. Yaro yana taya mahaifinsa zaman rumfa, Allah ya hore masa waya mai kyamara mai kyau, ya fara ɗaukar bidiyon takalman fata da jakunkuna da kayan doki yana ɗorawa a WhatsApp da TikTok da Facebook, har ciniki ya fara zuwa daga Legas da Yamai da Jidda. Sai ya ce bari ya ƙara kyautata aikin. Ya saita wayar ta riƙa ɗauka a 4K, ya juye a tsohuwar kwamfutar da yayansa ya bar masa don ya tace. Nan take ta fara cijewa, hoto ya tsaya murya ta wuce, fanka na ta ƙugi, ƙasan kwamfutar ya ɗauki zafi. Daga nan sai shawara ta rabu biyu: a ƙara mata kaya, ko a sayar a cika kuɗi a sayi sabuwa?

Amsata ga mafi yawanku ita ce kada ku kashe ko kwabo a kan tsohuwar kwamfuta don neman 4K. Ku kashe ɗan abin da ya sawwaƙa don ta yi sauri a aikin da take iyawa, sauran kuɗin ku mayar da shi jari. Akwai wurin da 4K ya cancanci wahalarsa, zan zo kansa, amma ba shi ne tallan takalmi ba.

Mu fara da sanin abin da lambobin nan suke nufi, domin da yawa ana faɗarsu ne ba a san me ke ciki ba. Kowane hoto a allo tarin ƙananan ɗigo ne na haske. Bidiyon 720p yana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, jimilla 921,600. Na 1080p yana da 1,920 da 1,080, wato 2,073,600. Shi kuwa 4K, 3,840 ne da 2,160, jimilla 8,294,400, ninki huɗu na 1080p cif. Kuma ba sau ɗaya kwamfuta za ta zana waɗannan ɗigo ba, sau 30 ko 60 ne a kowace daƙiƙa. To yanzu ka duba allon laftop ɗinka. Yawancin tsofaffin HP da Dell da Lenovo na tokumbo da ke hannunmu allonsu 1,366 ne da 768, ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Ko da kwamfutar ta iya jan 4K ba tare da tangarɗa ba, kashi ɗaya cikin takwas kawai za ta nuna maka, sauran bakwai ɗin ta sha wahalar lissafa su ne ta zubar.

Ku da kuka san Kurmi ba sai an yi muku dogon bayani ba. Tirela za ta iya ɗauko kaya daga ko'ina, amma ba za ta shiga layin dukawa ba. Dole a sauke a mayar wa amalanke, wani wurin ma sai ɗan dako ya ɗauka a ka, domin lungun da ya fi ƙunci shi ke yanke girman kayan da zai isa rumfa. Bidiyo ma hanya yake bi: daga kyamara zuwa kwamfuta, zuwa intanet, zuwa manhajar da za ta matse shi, zuwa wayar mai kallo, zuwa idonsa. In ka faɗaɗa wuri ɗaya ka bar sauran, kuɗinka ne kawai ya tafi.

Ka tsaya ka yi tunanin wanda ke kallon bidiyonka. Mace ce a Sakkwato tana neman lefe, ko ɗan kasuwa a Maraɗi, ko wani ɗan Kano da ke zaune a Ingila yana son hula da babbar riga kafin Sallah. Dukansu a waya suke kallo, allon da bai wuce inci 6 ko 7 ba. In ta WhatsApp ka tura, manhajar za ta matse shi ko ka so ko ka ƙi. Maɓallin HD da suka fito da shi a 2023 ma 720p yake bayarwa, sai fa in a matsayin fayil ka aika. In a YouTube ne, su da kansu sun ce kallon 4K yana bukatar intanet mai gudun megabit 20 a daƙiƙa, 1080p yana bukatar 5, 720p kuma 2.5. Ka buga lissafin: awa ɗaya ta 4K za ta iya cinye gigabait 9 na data, ta 720p kuwa ɗaya da ɗan ɗori. Wa kuka sani a cikin abokan cinikinku da zai ƙona gigabait 9 a awa guda, bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025? Yawancinsu da hannunsu suke sauke bidiyo zuwa 360p don data ta kai su ƙarshen wata. Shi kansa ido yana da iyaka. A allo mai inci 14, in kana zaune a tazarar da aka saba, wajen santimita 60, ɗigon 1080p sun riga sun ƙanƙance har lafiyayyen ido ba ya iya ware su ɗaya-ɗaya.

Abin da ke ɓata bidiyon yawancinku ba ƙarancin ɗigo ba ne, duhu ne. Rumfunan Kurmi a matse suke, rufi ya haɗe da rufi, rana ba ta shiga sai ta ɗan tsagi. Kyamarar waya ƙarama ce, in haske ya yi mata kaɗan sai ta cika hoton da dishi-dishi, jan fata ya koma ruwan ƙasa, shuni ya koma baƙi, aikin allurar da maɗinki ya kwashe makonni yana yi a wuyan riga ya dame ya zama abu ɗaya. In ka ɗauki wannan a 4K, dishi-dishin ka ninka sau huɗu. Fito da kayan bakin rumfa da hantsi ko bayan la'asar, ka guji ranar tsaka da ke ƙona launi. Shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. Goge gilashin kyamarar da gefen rigarka, domin maiƙon hannu da ƙura sun fi kowace tsohuwar kwamfuta ɓata hoto. Kafa wayar a kan abin da zai riƙe ta kada hannu ya yi rawa, ka matsa kusa har a ga ƙwayar fatar da sawun zare. Sannan ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, saboda hayaniyar masu amalanke da babura tana cinye muryarka, kuma mutum zai jure hoto mai rauni amma ba zai jure maganar da ba ya ji ba. Duk waɗannan in ka haɗa kuɗinsu ba su kai na katin hoto ɗaya da ake ƙara wa kwamfuta ba.

A nan zan ɗan ratse. Manhajojin tace bidiyo suna ba ka damar ƙara wa launi armashi har jaka ta fi yadda take a zahiri sheƙi. Kada ka yi. Wanda ya aiko da kuɗinsa daga nesa ya dogara ne da idonka da amanarka, in kaya suka isa ya ga ba haka ya gani ba, ha'inci ne, kuma ba sunanka kaɗai ka ɓata ba. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar nan a ƙarni na 15 take sayar wa mutanen da ba su taɓa taka Kano ba. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus, jar fatar akuyar ƙasar nan kuma a Turai da sunan fatar Maroko aka san ta, saboda ta can take bi. Sunan da kakanninku suka yi ne ya sa baƙo yake yarda ya tura muku kuɗi kafin ya taɓa kaya.

To, mu koma kan kwamfutar. Kafin ka sayi komai, ka gano ainihin abin da ke damunta. Buɗe bidiyon da ke cijewa, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, allo zai fito ya nuna maka yadda kowane sashe yake aiki. In ka ga faifan ajiya ne ya cika 100 cikin 100, to tsohon hadis mai juyawa ne ke riƙe ta, maganinsa SSD. A duk abin da za a yi wa tsohuwar kwamfuta babu wanda ya kai wannan amfani: wadda take ɗaukar mintuna kafin ta tashi za ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi. In RAM ne ya cika, kuma gigabait 4 gare ka, ka kai shi 8, in allon uwar kwamfutar ya yarda ka kai 16. Ka tabbatar da irin wanda take ɗauka, domin DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, wasu ƙananan laftop ma nasu a like yake ba ya cirewa. Sai maganar zafi, wadda mu a Kano ba wasa ba ce. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ita kuwa firosesa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa datti ne kawai ya shaƙe su. Kai ta wajen mai gyaran da ka yarda da shi, a Titin Beirut ko Farm Centre ko unguwarku, a buɗe a kakkaɓe, a sake shafa man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Wannan gyara uku, SSD da RAM da wanki, shi ne iyakar abin da nake ganin ya dace a kashe wa tsohuwar laftop, kuma zai sa ta tace 1080p cikin kwanciyar hankali.

Amma in ka ga firosesa ce ta cika 100 cikin 100 da zarar ka kunna 4K, to ka iso bango, kuma ya kamata ka san dalili don kada wani ya karɓi kuɗinka a banza. Bidiyo ba a ajiye shi yadda kyamara ta gan shi, matse shi ake yi, kwamfuta kuma ta warware lokacin kallo. Tsohuwar hanyar matsewa ita ce H.264, ta shekarar 2003. Sabuwa ita ce H.265, ta 2013, wadda ke rage girman fayil sosai amma warware ta ya fi wuya, kuma da ita wayoyi da yawa suke ɗaukar 4K yanzu. Kamfanin Intel yana gina wani ɗan sashe a cikin firosesa wanda aikinsa kawai warware bidiyo. Zubin 2011 ya iya H.264. Sai a zubi na 6, na shekarar 2015, aka sami cikakken mai warware H.265, zubi na 7 ya ƙara da wata hanyar matsewa, VP9, da YouTube ke amfani da ita, hanyar AV1 kuma sai a zubi na 11. In firosesarka ta girmi waɗannan, da ƙarfin tsiya take yin aikin da ba a gina ta dominsa ba, kuma ko RAM nawa ka zuba mata ba zai canza wannan ba. A laftop firosesa da sashen hoto yawanci a like suke da allon uwa, ba a sauya su.

Saboda haka ku daina ruɗuwa da tambarin da ke manne a jikin kwamfuta. Ana cewa "ai Core i7 ce" kamar magana ta ƙare, alhali abin dubawa shi ne lambar da ke bayan ɗan layin. A i5-3320M, lambar farko 3 ce, zubi na 3 ke nan, na 2012. A i5-8250U, zubi na 8 ne. Wannan i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta laftop ɗin zubi na 2 ƙarfi nesa ba kusa ba. In mai shago ya ce maka i7 ce, ka tambaye shi jenareshan nawa, ka kuma buɗe ka gani da idonka.

Mai kwamfutar tebur yana da 'yar ƙofa da mai laftop ba shi da ita, domin zai iya ƙara katin hoto. Katin GT 1030 wuta kaɗan yake ci, wajen wat 30, yana warware H.265, ya isa kallon 4K, amma ba shi da sashen matse bidiyo, don haka ba zai taimake ka sosai wajen fitar da aikin da ka tace ba. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna da wannan sashe, suna cin wajen wat 75. Sai dai siraran kwamfutocin ofis da aka fi kawowa tokumbo akwatin wutarsu ƙarami ne, cikinsu kuma ba ya ɗaukar kati mai tsayi. Ko ka sa katin, in allonka na VGA ne babu abin da ya canza; in ta tsohuwar mahaɗar HDMI 1.4 za ka bi, 4K ba zai wuce hoto 30 a daƙiƙa ba. Ka ga daga kati an koma allo, daga allo an koma akwatin wuta, daga nan sai babban faifai, tunda minti ɗaya na 4K a iPhone megabait 170 ne, in mai hoto 60 a daƙiƙa ne ya kai 400, alhali na 1080p megabait 60 ne kacal. Kafin ka farga ka kashe kuɗin sabuwar kwamfuta a kan tsohuwa. Ga kuma katunan jabu da suka cika duniya, tsohon kati a sauya masa suna a sayar a matsayin sabo. Ga wuta: laftop wat 45 zuwa 65 take ci, tana da batir da zai riƙe ka in an ɗauke, ƙaramar sola ma ta ishe ta, babbar kwamfuta da allonta kuwa sai janareto, kuma kun san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Akwai waɗanda sabuwar kwamfuta ta zame musu dole, ba na musun haka. Wanda ke ɗaukar biki ana biyansa, masu biki kuma suna neman abin da za su kalla a babban talabijin, ko wanda ya fara samun aikin talla daga kamfanoni, ko mai tace shiri mai dogon zango irin waɗanda ake yi a Titin Gidan Zu, wannan lokacinsa kuɗi ne, jiran kwamfuta asara ce. Shawarata gare shi kada ya yi wa tsohuwa faci. Ya tara kuɗi daga aikin, ko ya shiga adashi, ya sayi wadda ba ta gaza zubi na 8 ba, mai RAM 16 da SSD. Wani dalili na zaɓar zubi na 8 shi ne Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga wannan zubi ta fara karɓa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, amma fa sai aikin ya riga ya fara kawo kuɗin. Abin da ba na so shi ne yaro ya ci bashi, ko ya taɓa jarin mahaifinsa, don ya sayi na'urar da yake fatan wata rana za ta kawo masa aiki.

Yanzu ga wurin da na ce 4K ya cancanci wahalarsa. Kasuwar finafinan Hausa na bidiyo ta fara ne da Turmin Danya a 1990, a kaset. Daga baya aka koma faifan VCD, mai ɗigo 352 da 288, wato 101,376, bai kai kashi ɗaya cikin 80 na 4K ba. Da wannan hoton aka yi rububin saye a Ƙofar Wambai da Bata, aka cika ɗakuna ana kallo, saboda labarin ya kama zuciya. Wannan ya nuna ɗigo ba su ne ke riƙe mai kallo ba. Amma ya nuna wani abu kuma da ke damuna: duk wanda ya nemi waɗancan finafinai yau ya sa a babban allo zai ga fuskoki sun dusashe, kuma abin da kyamara ba ta kama ba tun farko babu na'urar da za ta dawo da ainihinsa. Bidiyon talla kwana biyu yake yi ya wuce. Hannun tsohon badukun da ke layinku ba haka yake ba. Akwai dattawa a Kurmi da suka iya ɗinkin sirdi da linzami da aikin aska takwas yadda 'ya'yansu ba su koya ba, akwai masu rini a Ƙofar Mata da suka san haɗin baba da toka da ido kawai. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, kuma da yawa daga cikin kwalliyar da ake gani a Hawan Daushe daga hannun waɗannan mutane take fitowa. In za ka ɗauki irin wannan, ka ɗauka a mafi girman abin da wayarka za ta iya, domin ba don wayar yau kake ɗauka ba. Ka fara neman izini, ka durƙusa ka gaida Baba ka gaya masa abin da za ka yi da hoton, in ya ce a'a ka haƙura. In ya yarda, ka bar shi ya yi bayani da bakinsa, ya faɗi sunan kowane kayan aiki da wanda ya koya masa.

Wannan ma ba ya bukatar sabuwar kwamfuta. Masu tace fim suna da dabarar da suka daɗe suna yi: a yi wa babban fayil ƙaramin kwafi mai sauƙi, kamar 720p a H.264, a yi duk yanka da jeri a kansa, sai lokacin fitarwa manhaja ta koma ta ɗauko na asali. Premiere da DaVinci Resolve duk suna da wannan tsari, manhajar HandBrake kuma kyauta ce, za ta mayar maka da fayil mai nauyi zuwa wanda tsohuwar kwamfutarka za ta iya ja. Abin da zai ci shi ne lokaci. Ka kunna mata aikin da daddare in akwai wuta, ka ɗora ta inda iska ke shiga ta ƙasa, da safe ka tarar ta gama. Ka fitar da na turawa a 1080p ko 720p, na asalin kuma kada ka taɓa shi.

Kuɗin da ka so ka sa a katin hoto, ka sayi faifan ajiya na waje guda biyu da shi. Kowane fayil ka rubuta masa sunan mai sana'ar da layinsa da ranar da aka ɗauka, domin bayan shekara goma ba za ka tuna ba. Ka juye komai a faifan biyu, kuma kada su kwana wuri ɗaya. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 sun cinye dukiyar da aka ɗauka tana cikin aminci a shago. Faifai ɗaya ya zauna a rumfa, ɗaya a gida, kuma duk bayan 'yan watanni ka jona kowanne ka tabbatar yana buɗewa.